Malamin Faransanci Daga Maraɗi a Zangon Kumasi, 2022 Zuwa 2025

Mutumin da wurin

Malamin da wannan nazari ya shafa mutumin jihar Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar, ɗan shekara talatin da 'yan kai lokacin da ya iso birnin Kumasi na ƙasar Gana. Ya yi makarantar horon malamai a gida, ya koyar a firamare a matsayin ɗan kwantiragi, irin malaman nan da albashinsu kan yi nawa kafin ya fito. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ga mahaifiya a ɗaki, duk a wuyansa. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma sunan makarantar da ta ɗauke shi da na mai ita.

Makarantar ta kuɗi ce, tana wajen unguwannin Aboabo da Asawase, irin masu haɗa boko da Arabiyya. Tana da firamare da ƙaramar sakandare mai aji uku, wadda ake gamawa da jarrabawar BECE. Faransanci na cikin darussan da ake koyarwa, kuma Gana na da dalilin son sa, domin maƙwabtanta uku na kan tudu, Kwaddibuwa a yamma, Burkina Faso a arewa, Togo a gabas, duk da shi suke aikin hukuma. Malaman darasin ba su wadata ba, shi ya sa masu makarantun kuɗi kan ɗauko su daga ƙetare.

Wani abokin kawunsa mai fataucin albasa ne ya haɗa shi da mai makarantar. A waya aka gama magana: sidi 1,000 a wata, da ɗakin kwana kyauta. Ba a rubuta komai ba.

Sai an san zangon Kumasi kafin a fahimci abin da ya biyo baya. Cinikin goro ne ya jawo Hausawa wannan nahiya. Bayan yaƙin basasar 1892 a Salaga, garin kasuwar goro da ke arewacin Gana, fatake suka watsu, da yawa suka gangaro kudu, kuma da Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896 sai zango ya yi ta bunƙasa. Yau mazauna zango ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Dagomba da Mosi da Kotokoli da Wangara da Fulani da Zabarmawa da Yarbawa, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Mutumin Maraɗi zai sauka daga mota ya ji kiran salla, ya yi cinikin koko da ƙosai da harshen da ya sha a nono, ba wanda zai tambaye shi daga ina yake.

Mayu zuwa Agusta 2022: isowa

Gana ta rufe iyakokinta na tudu tun watan Maris 2020 saboda korona, ba ta buɗe ba sai 28 ga Maris 2022. Malam ya bari aka yi ƙaramar Salla, sannan ya taso a farkon Mayu. Ya bi ta Doso da Gaya, ya haye gadar Malanbil zuwa Benin, ya wuce Kwatano da Lome, ya shiga Gana ta Aflao. An buga masa kwana 90 a fasfo, kamar yadda yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar. A wannan shekara makarantun Gana na bin kalandar Janairu zuwa Disamba ne, don haka a tsakiyar shekarar karatu ya faɗo.

Ɗakin da aka yi masa alkawari sito ne a bayan ajujuwa. An tura karyayyun bencina gefe guda, an bar masa wurin da zai shimfiɗa katifa tsakanin kwalayen alli da tsofaffin rajistoci. Taga ɗaya ce, ƙarama. Da yamma mai gadi kan kulle bayan gidan makaranta, sai malam ya tafi na kuɗi da ke bakin titi. Damina ce kuwa, irin ta ƙasar Asante da ake ruwa dare da rana, kuma shi mutumin Sahel ne da bai san danshi na cin kaya ba. Cikin mako uku takalminsa na fata ya yi fumfuna, gefen takardun shaidarsa ya fara baƙi a cikin jaka, rigar da ya wanke ranar Asabar ba ta bushe ba har Litinin.

Lissafin kuɗi dai ya tafi daidai a farko. A lokacin sidi ɗaya na kama sefa 80 ko kusa da haka a hannun 'yan canji, wato albashinsa jika 80 ke nan, jika ɗaya kuwa sefa dubu ce. Ya yi wa gida alkawarin jika 40 duk wata. Sidi 500 su tafi Maraɗi, 500 su riƙe shi. Tun da ba ya biyan haya, abin ya ishe shi.

A aji ne aka fara samun tangarɗa. Ya koyar yadda aka koyar da shi: Faransanci zalla daga shiga har fita, shifta, hadda, maimaitawa. A Nijar hakan na tafiya domin yaro na jin Faransanci a kowane darasi tun ajin farko. A nan kuwa darasi ɗaya ne cikin darussa da yawa, 'yan sa'o'i kaɗan a mako, yaro ya fita aji ba zai sake jin sa ba sai wani makon. Yara suka yi tsit, suna kallon Mushe, kamar yadda suke kiran sa, suna kwafe abin da ke allo ba su san ma'anarsa ba. Ranar da ya ɗauki bulala, hedimasta ya kira shi gefe ya gaya masa hukumar ilimi ta Gana ta hana dukan yara tun 2017. Ga kuma Turanci, wanda malam bai da shi sai na gaisuwa. Takardar shirin darasi da Turanci ake miƙa ta duk Litinin, taron malamai da Turanci da Twi, harshen Asante, ake yin sa. Yakan zauna a taro ya fito bai san abin da aka yanke ba.

Satumba zuwa Disamba 2022: abu uku sun haɗu

Na farko kuɗi. Sidi ya soma shekarar 2022 a wajen shida ga dalar Amurka, kafin Nuwamba ya kai 14 har ya wuce a wuraren canji. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta faɗi irin faɗuwar sidi ba. Sidin da ke kama sefa 80 ya koma bai kai 50 ba. Jika 40 ɗin da ke cin sidi 500 a watan Mayu ta koma tana cin kusan 870 a Nuwamba. Abin da ya rage a hannunsa bai wuce sidi 130 ba na wata guda, a lokacin da hauhawar farashi ta tashi daga kashi 27.6 cikin 100 a Mayu zuwa 54.1 a Disamba.

Na biyu masauki. Mai makaranta ya ce zai mayar da siton aji, malam ya nemi wani wuri kafin Janairu. Ɗaki guda a gidan yawa a unguwar sidi 150 ne a wata, amma masu gida na neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, sidi 3,600. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida, sai dai a Kumasi da Akra kowa ya san ba a bin ta.

Na uku takardu. Kwana 90 ɗinsa sun ƙare a tsakiyar Agusta. Baƙon da ya zauna a Gana kwana 90 wajibi ne ya yi katin shaida na baƙi, wanda a lokacin dala 120 ne karon farko, dala 60 sabuntawa duk shekara. Tun 1 ga Yuli 2022 bankuna suka daina hulɗa da wanda ba shi da katin, kuma ana tsakiyar sake rajistar layukan waya da shi. Izinin aiki kuma mai ɗaukar ma'aikaci ne ke nema a hukumar shige da fice, makarantar kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Ga abin da ya gwada.

A hutun Agusta ya hau mota zuwa Aflao, ya tsallaka Lome ya kwana, ya dawo aka sake buga masa kwana 90. Tafiyar ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Abin da ya samu izinin ziyara ne, ba ya halatta aiki, kuma shi ma ya ƙare a Nuwamba.

Da yake ba shi da layin waya da sunansa, sai ya ari lambar wani yaron shago da suke salla tare, aka riƙa tura masa albashi a kanta ta momo, wato tura kuɗi ta waya. A watan Oktoba yaron ya cire sidi 600 ya yi tafiya arewa. Malam ya je wurin masu momo, suka duba suka ce mai layin ne ya cire kuɗinsa. Ba shi da bakin magana.

Ya nemi ƙarin albashi da baki, sau biyu. Mai makaranta ya ce iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta, kuma gaskiya ya faɗa, domin su ma matsin ya same su. Daga nan malam ya rage cin abinci zuwa sau ɗaya a rana don kada kuɗin gida ya ragu, bai kuma gaya wa kowa a Maraɗi halin da yake ciki ba. A ƙaramar daminar Kumasi, ta biyu a shekarar, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana takwas. Magani daga kemis ya saya da kuɗinsa, kuma aka yanke kwanakin a albashi, tun da babu wata takarda da ta ce ba za a yanke ba.

Sai wani dillalin takardu ya zo masa da shawara. Tun da Hausa yake ji, me zai sa ya biya dala 120? Ya ce a zango aka haife shi, a yi masa katin ɗan ƙasa. Wanda ba shi da takardar haihuwa yana iya kawo ɗan uwa ko dattawan unguwa su rantse masa. Malam ya ba da kafin alƙalami sidi 200, ya tafi neman wanda zai yi rantsuwar.

Ƙarshen Disamba 2022: zama da dattijo

Wanda ya nufa wani Alhaji ne da suke sahu ɗaya a masallaci, mai shekara saba'in da wani abu, haifaffen Kumasi. Mahaifinsa maigida ne na fataken goro, a zamanin da baƙo ke sauka gidan mutum, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kuɗi, a tsaya masa a ciniki. Malam ya same shi bayan la'asar a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo buƙatarsa.

Alhaji ya ƙi. Ya ce masa yana saurayi aka yi korar baƙi ta Nuwamba 1969 a zamanin Firaminista Busiya, aka ba marasa takarda mako biyu su fita, ya ga maƙwabta na sayar da gida da shago a arha suna hawa manyan motoci. Ya ce har gobe 'ya'yan zango da aka haifi kakanninsu a nan suna shan tambaya a ofisoshi kan ko su 'yan ƙasa ne, kuma duk katin ƙarya ɗaya da aka kama, su ne ke biya. Sannan ya tambaye shi: "Malam, wa ye mai masaukinka a garin nan?"

Malam ya ce mai makaranta.

"Wannan ubangidanka ne na aiki, ɗana. Idan kun saɓa da shi, wa zai zauna a tsakani?"

Babu amsa. Wata takwas yana gari, bai je gaida sarkin mutanensa ba, alhali kowace ƙabila a zango na da shugabanta a ƙarƙashin Sarkin Zango. Bai san inda 'yan Nijar mazauna Kumasi ke taruwa ba. Alhaji ya ce daga ranar shi ne mai masaukinsa, da sharaɗin ya rabu da dillalin. Sidi 200 ɗin ba su dawo ba.

Janairu zuwa Yuli 2023: gyara

Masauki aka fara warwarewa. Alhaji ya yi magana da wata Hajiya mai gidan haya a layinsu, ta yarda da kuɗin wata shida, sidi 900, saboda shi ya tsaya. Kuɗin daga adashin malaman makarantar suka fito. A al'ada baƙo shi ke kwasar ƙarshe, amma da dattijo ya ɗauki lamuni sai aka ba shi kwasar farko.

Sai zama da mai makaranta, wanda aka yi a zauren Alhaji, da hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye. Ba a yi maganar kotu ba, amma hedimasta ya karanta abin da dokar ƙwadago ta 2003 ta ce, wato aikin da zai kai wata shida dole a rubuta yarjejeniyarsa. Mai makaranta ya tsaya kan cewa ba shi da kuɗin ƙari, balle na izinin aiki. Abin da ya sauya zaman wata shawara ce daga shugaban iyaye, wanda ɗan kasuwa ne mai zuwa Lome da Abijan. Ya ce shi da abokan cinikinsa na shan wahala a kan iyaka da wurin masu kaya saboda rashin Faransanci, ana rubuta musu takarda ba sa iya karantawa, ana faɗin farashi sai sun nemi tafinta. Me zai hana a buɗe ajin manya da dare a makarantar, da sunanta, ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku?

Nan take malam ya tashi daga nauyi ya zama hanyar samu, kuma mai makaranta ya ga amfanin ya riƙe shi da takardu cikakku. Aka rubuta: albashi sidi 1,300, ranar biya a ƙayyade, ba a yanke kwanakin ciwo idan akwai takardar asibiti, makaranta ta nemi izinin aiki da na zama, a raba kuɗin biyu, a cire rabon malam a hankali cikin wata goma.

A watan Maris ya yi katin baƙi. Da shi ya yi rajistar layi da sunansa kafin 31 ga Mayu 2023, ranar da aka rufe layukan da ba su da rajista, ya buɗe asusun banki, ya shiga inshorar lafiya ta ƙasa. Ya biya tarar watannin da ya wuce wa'adi. Izinin ya fito a farkon Yuli, bayan zirga-zirga mai yawa.

Gyaran aji ya ɗauki lokaci fiye da haka, kuma shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a lamarin. Malamin Turanci na makarantar, ɗan zango ne, yana son Faransanci. Suka yi musaya, bayan azahar rabin sa'a wannan ya koyar, rabin sa'a wancan, Hausa na tsakaninsu. Shi ya riƙa duba masa takardar shirin darasi kafin Litinin. A aji kuma malam ya sauko daga Faransanci zalla. Da farko ya koma bayani da Hausa gaba ɗaya, yaran zango suka farfaɗo, har suna dariyar Hausarsa ta Maraɗi da ta bambanta da tasu. Amma akwai 'ya'yan Asante a ajin da ba sa jin Hausa sosai, iyayensu suka kawo ƙara, kuma suna da gaskiya. Sai ya zaunar da kowane ɗayansu kusa da yaron da ke jin Hausa da Twi duka, ya taƙaita Hausar zuwa buɗe darasi, sauran kuma Faransanci da aiki da hannu.

Na ga darasin ƙidaya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ya zo da takardun sefa na gaske, ta jika ɗaya da ta jika biyu, da tsohon tikitin motarsa na Lome. Ya jera gwangwanin madara, sabulu da ƙullin sukari a kan tebur, ya naɗa wata yarinya mai shago, ya ba wani yaro kuɗi ya ce ya je ya taya. Ƙidayar Faransanci daga saba'in zuwa sama tana rikita yara, domin saba'in sittin da goma ce, tamanin kuwa ashirin sau huɗu. Yaron ya faɗi lamba ba daidai ba, mai shago ta ba shi canjin abin da ya faɗa, aji ya ɗauki ihu an cuce shi. Ya sake lissafi da yatsu, ya gyara, ya karɓi kuɗinsa. Babu bulala a ɗakin, kuma babu wanda ya yi barci.

Saura gida. A cikin azumin 2023 ya kira mahaifiyarsa da matarsa ya faɗa musu gaskiyar abin da sidi ya zama. Aka mayar da alkawari jika 30. Matar ta fara man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan jarin da ya tura. Cikin masu turo 'ya'yansu ajin dare akwai wani Alhaji da ke sayen goro da katako a Kumasi yana sayarwa a Maraɗi, don haka sefarsa a can take. Aka daidaita cewa kason malam na kuɗin karatun 'ya'yan Alhajin biyu, ƙanin Alhajin ya riƙa miƙa wa iyalin malam a Maraɗi, jika 15 duk wata. Rabin abin da gida ke jira ya daina bi ta hannun 'yan canji.

Yuli 2023 zuwa Maris 2024: juyin mulki

Ya shirya zuwa gida a watan Agusta. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ranar 30 ga wata ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Maraɗi, wadda cinikinta ke ɗaure da Katsina da Kano ta hanyar Jibiya, ta ji jiki sosai, kayan abinci suka yi tsada, gida ya nemi ƙari.

Motocin Alhajin katako suka tsaya, jika 15 ɗin ta yanke har wata biyar. Ajin dare ya ragu da kusan rabi, domin wasu ɗaliban fatake ne da hanyarsu ta toshe. Abin da bai girgiza ba shi ne albashi a ranarsa, ɗaki, da izinin zama. Ya sake shiga adashi, ya cike giɓin da kwasarsa.

Akwai kuma nauyin da ba na kuɗi ba. A ranakun 17 da 18 ga Agusta manyan hafsoshin sojan ECOWAS suka yi taro a Akra kan yiwuwar kai yaƙi Nijar. A majalisun shayi da ƙofar masallaci zancen ke nan, kowa na juyowa ya ji ta bakin Mushe, shi kuwa 'ya'yansa na can inda ake maganar kai wa hari. Alhaji mai masaukinsa ya shawarce shi da ya yi addu'a a fili, ya bar siyasa a ciki. Ya bi shawarar. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris, kasuwanci ya fara dawowa.

Agusta 2024 zuwa tsakiyar 2025: inda aka tsaya

Sai a Agusta 2024 ya ga gida, bayan wata 27. Nijar ba ta buɗe gadar Malanbil ba, don haka da kwalekwale ya haye kogin Kwara zuwa Gaya. Ya dawo kafin buɗe makarantu a Satumba, kalanda ta riga ta koma yadda take kafin korona.

A tsakiyar 2025 albashinsa sidi 1,800 ne, ajin dare na kawo masa abin da ya kusa rabin haka. Sidi ya farfaɗo daga sama da 15 ga dala a watan Afrilu zuwa wajen 10 da 'yan kai a Yuni, an kuma soke harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a Mayu 2022. Ya mayar da kuɗin gida jika 40 ba tare da ya taɓa abincinsa ba. Yana rubuta shirin darasi da Turanci da kansa, yana cinikin kasuwa da Twi. Yaran da ke zaɓar Faransanci a BECE sun ƙaru a makarantar, kuma wata makaranta a unguwar Tafo ta nemi ya riƙa zuwa mata kwana biyu a mako, abin da sai an gyara izininsa kafin ya yiwu.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Faɗuwar sidi da juyin mulki ba laifin kowa ba ne a wannan labari, kuma da sun same shi ko da ya zo da takardu cikakku. Bambancin shi ne yadda kowanne ya same shi. Na 2022 ya tarar da shi ba ɗaki, ba kati, ba yarjejeniya, ba mai tsaya masa, ya kusa kai shi ƙasa. Na 2023 ya fi girma, amma ya same shi da gindin zama, ya wuce da bashin adashi kawai.

A ganina jin Hausa a ko'ina ne ya ruɗe shi a farko. Da wani gari ya je inda ba ya jin ko kalma ɗaya, da tun makon farko ya tambayi ina ofishin baƙi, ina 'yan ƙasarsa, wa zai tsaya masa. Zango ya karɓe shi da sauƙin da ya sa ya manta doka ba ta san shi ba. Duk dabarun da suka gaza, zuwa Aflao, aron layi, ƙuntata wa ciki, neman katin ɗan ƙasa, hanyoyi ne na kauce wa amsa sunan baƙo. Duk waɗanda suka yi aiki sun fara ne daga amsa shi.

Mai makaranta na da nasa kason, kuma ba ƙarami ba. Ya ɗauko mutum daga wata ƙasa ba takarda, ya kwantar da shi a sito, ya yanke masa kwanakin ciwo. Bai gyara don an tsorata shi da doka ba, sai da aka nuna masa riba. Wannan ya kamata ya dami masu makarantun zango da iyayen yara, domin ba kowane malami ne zai samu ajin dare da zai saye masa haƙƙinsa ba. Malamin lissafi ko na Larabci da ya zo a irin wannan hali ba shi da fataken Lome da za su cece shi.

Tsohon tsarin mai masauki ne ya ɗauki mafi yawan nauyin, kuma shi ne wurin da abin ya fi rauni. Ɗaki, kwasar farko ta adashi, zaman sulhu, duk a kan mutuncin mutum ɗaya suka tsaya, dattijon da ya haura saba'in. Ya dace shugabannin zango da ƙungiyoyin 'yan Nijar da na Najeriya su mayar da wannan aiki na jama'a, a san malaman da suka shigo, a duba musu yarjejeniya kafin su fara aiki.

Biyan jika 15 a Maraɗi dabara ce mai kyau, amma ta rataya ga motocin mutum ɗaya da hanya ɗaya, kuma an ga yadda ta yanke a lokacin da aka fi buƙatarta.

Maganar kawo iyali Kumasi har yanzu ba a yanke ba. Kowane ɗayansu zai buƙaci izinin zama, ɗaki guda kuma ba zai ɗauke su ba. Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfonsu da barin su shige da fice har sai an sanar da wani sabon tsari. Malam ya sabunta izininsa a Yuli 2025, ya ce zai ga yadda sharuɗɗan za su kasance a sabuntawa ta gaba kafin ya kama ɗaki na biyu.